Daga Neman Ɓarawo Zuwa Tambayar Maigida: Tarihin Gane Cututtukan Numfashi



Idan aka kawo wa likita mai tari da zazzaɓi, abin da ya fara tambayar kansa shi ne: bakteriya ce ta kama shi, ko kuwa bairos? Wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin maganin da ke kashe bakteriya ba ya yi wa bairos kome, kuma yawan ba da shi barkatai shi ke sa ƙwayoyin cuta su taurare, su daina jinsa.

Da kuskure aka soma. Cikin 1892 Richard Pfeiffer na ƙasar Jamus ya sami wata bakteriya a majinar masu mura, ya ce ita ce sanadi. Da wannan zato aka shiga annobar 1918, wadda ta sauka Ikko cikin watan Satumba, ta biyo hanyar jirgin ƙasa har Arewa. Sai 1933 ne Smith da Andrewes da Laidlaw, a birnin Landan, suka sa wa wata dabba mai kama da tunku cutar, suka tabbatar bairos ne. Tun daga nan himmar masana ta koma ga kamo ɓarawon da kansa, da farko ta rainonsa cikin ƙwan kaza, daga baya kuma ta gwajin PCR wanda Kary Mullis ya ƙago cikin 1983, wanda kowa ya ji sunansa a 2020. Gwaji ne mai kaifi ƙwarai, amma abin da aka aike shi nema kaɗai yake samowa, kuma ba ya faɗin wane majiyyaci zai warke a gida, wane ne zai bukaci iskar taimako bayan kwana uku.

To, ashe akwai wata hanya, watau a bar ɓarawo a tambayi maigida abin da ya gani. Tarihinta ya faro daga inda ba a zata ba. Bayan an gano cikin 1961 cewa akwai RNA mai ɗauko saƙo daga DNA zuwa inda ake gina furotin, sai aka fi ɗaukar RNA a matsayin ɗan aike kawai. Cikin 1972 har Susumu Ohno ya kira mafi yawan DNA ɗinmu tarkace. Lalle yana da hanzari, tun da bayan kammala karanta DNA na ɗan Adam a 2003 an ga abin da ke gina furotin bai kai kashi 2 cikin 100 ba.

Amma cikin 1993 Victor Ambros da abokan aikinsa a Amurka, suna nazarin wata tsutsa da tsawonta bai wuce milimita 1 ba, suka sami ɗan guntun RNA mai harafi wajen 22, wanda ba ya gina furotin ko kaɗan. Gary Ruvkun ya nuna yadda yake manne wa saƙon wata ƙwayar gado ya hana a karanta shi. Shekara bakwai ana ganin abin tamkar al'amarin tsutsa ne kurum, sai a 2000 Ruvkun ya sami na biyu, mai suna let-7, ya kuma same shi a jikin mutum. Lambar Nobel ba ta iso musu ba sai 2024.

Abin da ya jawo likitoci shi ne binciken 2008, a Amurka da ƙasar Sin, wanda ya nuna waɗannan guntaye suna yawo cikin jini ba su lalace ba, alhali kuwa RNA tsirara nan da nan jini ke narkar da shi. Sa'an nan aka lura adadinsu yana hawa da sauka idan bairos ya shiga huhu. Haka kuma dogayen 'yan uwansu: cikin 2010 an ga sun canza a huhun ɓerayen da aka sa wa bairos na SARS, cikin 2014 kuma aka nuna mura tana tayar da wani mai suna NEAT1.

A ganina shaidar maigidan nan ba ta riga ta isa a yanke hukunci da ita ba. Guntun da ake kira miR-155, alal misali, yana tashi cikin kumburi iri iri, ba na bairos kaɗai ba. Idan jajayen ƙwayoyin jini suka fashe wajen ɗiba, sai su zubo da nasu guntayen su gurɓata lissafi, shi ya sa sau da yawa ɗakunan bincike biyu kan auna cuta ɗaya su sami amsa dabam. Bugu da ƙari, mafi yawan jinin da aka auna na majiyyatan Turai da Amurka da Sin ne. Yaron da ya zo asibiti a Kano cikin hunturu yana tari, mai yiwuwa zazzaɓin cizon sauro ma yana jikinsa, kuma wannan ma yana sauya guntayen da ke cikin jini. Sai an auna irin jininsa, da yawa kuma, kafin a san abin da hawa ko saukarsu ke nufi a wurinsa.