Abu Hujar: abin da baƙo zai gani a bakin Shuɗin Nilu

Abu Hujar ƙaramin gari ne a jihar Sinnar ta ƙasar Sudan, a gaɓar kogin Shuɗin Nilu, kudu da Sinja, babban birnin jihar, kan hanyar Damazin. Hausawa da Fulani sun daɗe a ƙauyukan yankin. Kakannin wasunsu mahajjata ne da suka yada zango, wasu kuma sun biyo hijirar da aka yi bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903.

Baƙo yakan fara da bakin kogi, inda masunta da kwale-kwalensu suke, ga lambunan ayaba da mangwaro da dazuzzukan bagaruwa. Nesa da kogin kuwa fili ne shimfiɗaɗɗe na baƙar ƙasa, inda ake noman dawa da riɗi da damina.

Masana sun tono kayan aikin dutse da ƙasusuwan dabbobin zamanin da a Abu Hujar. A Sinja kuma aka tsinci wani daɗaɗɗen ƙoƙon kan ɗan Adam a 1924.

Daga arewa akwai Mai Wurno, garin da ɗan Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya kafa, sai madatsar ruwan Sinnar ta 1925. Daga gabas akwai gandun dajin Dindir.

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya iso jihar. Mai niyyar zumunci ya tuntuɓi 'yan'uwa na can kafin ya ɗaura ɗamarar tafiya.