Raunin Ƙwaƙwalwar Jarirai da Iyakar Shaidar da Dabbobi ke Bayarwa

Idan jini da iskar oksijin suka yanke wa jariri lokacin haihuwa, ko don mabiyiya ta rabu da mahaifa kafin lokacinta ko don cibiya ta matse, ƙwaƙwalwarsa kan sami raunin da ka iya jawo mutuwa, farfaɗiya ko shanyewar gaɓoɓi. Da yake ba a haddasa irin wannan rauni ga ɗan Adam da gangan don a nazarce shi, yawancin abin da likitoci suka sani game da yadda yake faruwa daga dabbobi aka samo shi.

A 1981 Rice da Vannucci suka fito da hanyar da ta fi yaɗuwa, inda ake ɗaure ɗaya daga jijiyoyin wuya masu kai jini ga ƙwaƙwalwar ɗan ɓera mai kwana 7, sannan a sa shi cikin iskar da oksijin ɗinta bai wuce kashi 8 cikin ɗari ba, daga bisani a yayyanka ƙwaƙwalwar a auna ɓarnar. Hanyar tana da arha, amma darasi mafi nauyi ya fito ne daga manyan dabbobi. A Landan, a 1994, an bi ƙwaƙwalwar jariran aladu da na'urar maganaɗisu mai auna sinadaran ƙarfi a cikin ƙwayoyin halitta, aka ga cewa ƙarfin yakan dawo bayan an farfaɗo da dabbar, sai ya sake faɗuwa bayan wasu sa'o'i, kuma a wannan faɗuwa ta biyu ne ƙwayoyi masu yawa ke mutuwa. Gunn da abokan aikinsa a ƙasar Niyuzilan suka nuna a jikin ɗan tayin tunkiya cewa sanyaya kai yana rage ɓarnar, muddin an fara kafin kimanin sa'o'i 6 su cika bayan raunin. Daga nan aka samo maganin da gwaje-gwajen 2005 suka tabbatar a ƙasashe masu arziki, wato a riƙe zafin jikin jariri a kusan digiri 33.5 na tsawon sa'o'i 72.

Sai dai a ɗakin bincike mai binciken ne ke zaɓar mintin da iskar za ta yanke da mintin da za ta dawo, kuma dabbar lafiyayya ce kafin nan, alhali likita kan karɓi jaririn da ba wanda ya san lokacin da wahalarsa ta fara. Tun binciken da wani masani mai suna Myers ya yi kan birai aka gane cewa yankewar iska gaba ɗaya na ɗan lokaci tana lalata sassan can cikin ƙwaƙwalwa, yayin da ƙarancinta na dogon lokaci ke cin ɓawonta, kuma waɗannan raunuka biyu ba lallai su amsa magani ɗaya ba.

A gwajin HELIX da aka wallafa a 2021, wanda ya ƙunshi jarirai 408 a Indiya, Siri Lanka da Bangaladash, sanyayawa ba ta rage jimillar mutuwa da naƙasa ba, hasali ma kashi 42 cikin ɗari na waɗanda aka sanyaya sun rasu, yayin da aka rasa kashi 31 a rukunin da ba a sanyaya ba. Cikin dalilan da masana suka kawo akwai yiwuwar cewa raunin ya soma tun ana tsakiyar naƙuda, ta yadda sa'o'in 6 sun shuɗe kafin a haifi jaririn. Wannan ya shafi asibitocin arewacin Nijeriya da kudancin Nijar kai tsaye, inda ake yawan kawo mace bayan doguwar naƙuda a gida, domin irin jaririn da take haifa ba shi ɗan ɓeran Vannucci ko tayin tunkiyar Gunn suka kwaikwaya ba.