Keken Ɗinki a Kan Sikeli: Tarihin Gombe da Ke Cikin Tsofaffin Kayan Gidajenmu



Kwanakin baya ina dawowa daga aiki da yamma, sai na ci karo da wani yaro ɗan gwangwan yana tura baro a layinmu. A saman tarkacen da ya ɗauko akwai kan keken ɗinki baƙi, zanen ruwan zinariyar da ke jikinsa bai ma gama gogewa ba. Na tsayar da shi, na juya hannun keken, sai ya juya sumul, ba ko cijewa. Da na tambaye shi inda ya samo, sai ya ce wata tsohuwa ce ta rasu, magada suka share ɗakinta, suka sayar masa da shi a kan sikeli. Wato an auna shi kamar yadda ake auna tsohon kwanon rufi.

Abin ya tsaya mini a rai, domin irin wannan keken ne a ɗakin Dadarmu. Ya girme ni, da shi aka ɗinka mana kayan makaranta da na Sallah, kuma har yau idan ta zauna a kansa yana aiki. Wannan ya sa na yi ta tunani: ta yaya waɗannan kaya suka shigo gidajenmu, kuma me ya sa suka daɗe haka, alhali na yanzu wani ko yayen ɗan fari ba ya kaiwa?

Zamanin auduga da jirgin ƙasa

Garin Gombe da muke ciki ba tsohon gari ba ne sosai. Modibbo Bubayero ya kafa masarautar a zamanin jihadin 1804, hedikwatarta tana Gombe Abba. Turawa suka mayar da ita Nafada a 1913, sannan aka dawo da ita nan Doma a 1919. A wancan lokaci kayan aikin gida su ne randa da tulu, turmi da taɓarya, dutsen niƙa da fitilar aci-bal-bal. Duk a nan ake yin su, kuma idan sun lalace an san wanda zai sake wasu.

Abin da ya kawo kuɗi hannun talaka shi ne auduga da gyaɗa. Daga shekarun 1950 noman auduga ya bunƙasa a ƙasar Gombe, har aka kafa injin gurzar ta, wanda sunan kamfaninsa ya zama sunan unguwa, wato BCGA. A 1963 layin dogo da ya taso daga Kuru ta Bauchi ya iso Gombe, a 1964 ya kai Maiduguri. Jirgin da ke fita da auduga shi ne ke dawowa da kayan kanti. Manomi ya sayar da amfaninsa da kaka, ya sayi keken hawa, ko rediyo, ko ya saya wa uwargida keken ɗinki.

Keken Singer yana da nasa tarihin. Isaac Singer ya yi rajistar ƙirarsa a Amurka a 1851, kuma kamfaninsa na cikin na farko da suka fara sayar da kaya a biya kaɗan-kaɗan. Da yawa daga cikin waɗanda suka shigo ƙasashen da Ingila ta mulka an ƙera su ne a babbar masana'antar kamfanin da ke Clydebank a Sikotilan, wadda aka rufe a 1980. Kun ga ke nan masana'antar ta mutu fiye da shekara 40, amma kekunanta suna nan suna ɗinki a Madaki. Daga baya Butterfly na ƙasar Sin ya shigo da sauƙin kuɗi, ya zama kusan dole a kayan ɗakin amarya.

Rediyo ma a wannan zamanin ya shiga gidaje. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, Rediyon Kaduna a 1962, Muryar Amurka kuma ta buɗe nata sashen a 1979. Da yake da batir rediyon ke aiki, bai jira zuwan lantarki ba. Tare da shi akwai fitilar ƙwai, da risho, da dutsen guga na gawayi. Har firiji akwai mai aiki da kananzir, wanda wasu ɗalibai biyu 'yan Suwidin suka ƙirƙiro fasaharsa a 1922, kamfanin Electrolux ya yi ta ƙera shi. Da irinsa aka riƙa adana magani da allurar rigakafi a wuraren da babu wuta.

Zamanin Udoji

Zango na biyu shi ne na kuɗin man fetur. A 1972 aka kafa NEPA, a ranar 1 ga Janairun 1973 naira ta maye gurbin fam da sule. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa kwamiti ƙarƙashin Jerome Udoji don duba aikin gwamnati, ya miƙa rahotonsa a 1974, a farkon 1975 kuma ma'aikata suka karɓi ƙarin albashi haɗe da ariyas na watanni. Dattawa da yawa idan ka tambaye su tarihin tsohuwar fankar falonsu, ko rediyo mai kaset, za su ce maka, "Ai wannan na Udoji ne."

A lokacin ne sunaye irin su National, Philips, Sharp, KDK da Thermocool suka zama sanannu a gidajen ma'aikata da 'yan kasuwa. Alhazai ma suka riƙa dawowa da tsarabar agogon bango, fulas ɗin shayi da rediyo. Naira tana da ƙarfi, domin a 1980 naira ɗaya ta fi dala ɗaya daraja. Saboda haka ɗan kasuwa yana iya shigo da kaya masu inganci, kuma malamin makaranta yana iya saye.

Kada mu ɗauka waɗannan kaya na ado ne kawai. A gidaje da yawa su ne jarin iyayenmu mata. Da keken ɗinki, da injin murza taliya, da firijin da ake sayar da ƙanƙara da zoɓo a zafin watan Maris da Afrilu, mace tana cikin ɗakinta take zuba adashi, ta sayi kwanuka, ta aurar da 'ya'ya. Wasunmu da kuɗin ƙanƙara aka biya mana jarrabawa.

Zamanin SAP da abin da ya biyo baya

A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da tsarin SAP, aka karya darajar naira. Kafin shekarar ta ƙare dala ɗaya ta haura naira uku, kuma tun daga nan ba ta sake waiwayowa ba. Sabon kaya ya fi ƙarfin ma'aikaci. Aka koma sayen na hannu, waɗanda ake kira Beljiyam ko 'yan Kwatano. A wannan tsakanin ne sana'ar gyara ta yi ƙarfi ƙwarai, domin wanda ba zai iya sayen sabo ba dole ya lallaɓa tsohon.

Da aka ƙirƙiro Jihar Gombe a ranar 1 ga Oktoban 1996, gari ya buɗe, ma'aikata suka dawo daga Bauchi, unguwanni suka cika. Daga shekarun 2000 kuma sai kaya masu araha suka mamaye kasuwa. Gidan da a da ba ya mafarkin fanka ya sami fanka da talabijin. Wannan ci gaba ne, ba wanda zai musa. Sai dai Hausawa sun ce araha ba ta ado. A nan ne muka fara sabawa da sayen abu, ya mutu, a jefar, a sake saye.

Me ya sa na da suka daɗe?

Amsar da aka saba bayarwa ita ce ƙarfen da ya fi na yanzu. Akwai gaskiya a ciki. Jikin tsohon keke zubin ƙarfe ne, haƙoransa ma ƙarfe ne, ba roba ba. Wayar da aka naɗa a cikin tsohuwar fanka jan ƙarfe ce mai kauri, wadda ke jure zafi fiye da siririyar waya. Tsohon firiji ba shi da wani allon lantarki mai laushi da wuta za ta ƙona idan ta zo da ƙarfi.

Amma a ganina babban dalilin ba ƙarfe ba ne. An yi su ne yadda za a iya buɗe su a gyara. Da noti da kusa mai zare aka ɗaure su, ba da gam ba. Butterfly da ire-irensa an kwaikwayi wata tsohuwar ƙirar Singer ce, shi ya sa allura da kwarkwaro da ƙoshiyar wannan suke shiga wancan, kuma har gobe ana samun su a kasuwa. Fanka idan ta rage gudu, sau da yawa kafasito ne kawai za a canja. Idan ta ƙone a sake naɗa mata waya. Wannan kuma ya nuna mana cewa maganar ba ta ƙasar da aka yi kaya ba ce, tunda Butterfly ɗin da muke yabo ɗan Sin ne. Maganar ita ce wane mataki na kaya ɗan kasuwa ya yi oda, kuma wane ne mu muka yarda mu biya.

Dalili na uku shi ne masu kayan. Abin da aka yi shekara ana tara kuɗinsa ba a wasa da shi. Dada ba ta taɓa barin kekenta ya kwana a buɗe ba. Tana da ƙyallen rufe shi saboda ƙurar hunturu, tana ɗiga masa mai, kuma yaro bai isa ya hau shi ba. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yakan cire batir daga rediyo idan zai yi tafiya, don kada ya zubar da ruwa ya cinye ƙarfen ciki.

Su ma kamfanoni suna da nasu laifin, kuma ba yau aka fara ba. A 1924 manyan masu ƙera ƙwan lantarki na duniya, ciki har da Osram da Philips, sun haɗu a Janiba ta ƙasar Siwizalan, suka amince kada ƙwai ya wuce awa 1,000 yana ci. Alhali a wani ofishin 'yan kwana-kwana da ke Livermore a Kalifoniya akwai ƙwan da ke ci tun 1901, in ban da 'yan lokutan da aka kashe shi, ko da yake haskensa ya dushe ƙwarai. Yanzu Turawan da kansu sun farga. Tun Janairun 2021 Faransa ta wajabta a rubuta wa wasu kayan lantarki maki bisa goma, mai nuna sauƙin gyaransu, a 2024 kuma Tarayyar Turai ta yi dokar 'yancin gyara. Abin da suke kafa wa doka, mu muna da shi a hannun masu gyaranmu, muna kuma barin sa yana ɓacewa.

Gaskiyar da ya kamata mu faɗa

An ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, don haka kada son tsohon abu ya rufe mana ido. Waɗanda muke gani yau su ne suka tsira. Dubbai irinsu sun mutu tuntuni, ba wanda ke tuna su. Kuma a wancan zamani gidaje ƙalilan ne a unguwa ke da firiji.

Ba kowane tsohon kaya ne ya cancanci riƙewa ba. Tsohon firiji yana shan wuta fiye da na zamani nesa ba kusa ba, duk mai mita ta kati zai shaida. Iskar R12 da ke cikin da yawansu tana cikin waɗanda duniya ta amince a daina a yarjejeniyar Mantiriyal ta 1987, saboda tana lalata rufin iskar da ke kare mu daga cutarwar hasken rana. Tsohon dutsen guga mai zararriyar waya kuwa haɗari ne ga yara. Ƙwan lantarki na zamani da fanka mai aiki da hasken rana sun fi na da amfani a halin da muke ciki. Amma keken ɗinki, injin taliya, fankar sama da agogon bango ba su da wannan matsala. Waɗannan da tsohuwar zuma ake magani.

Abin da nake roƙo

Na farko, kafin mu miƙa wa ɗan gwangwan wani tsohon kaya, mu fara nuna wa mai gyara. Yaron ba shi da laifi, sana'arsa yake yi, amma kuɗin kilo ba ya kai ko kusa da darajar keke mai aiki. Idan kayan gado ne, a yi masa kuɗi na gaskiya, wani daga cikin magada ya saya.

Na biyu, iyaye masu haɗa kayan ɗaki, musamman a wannan tsadar, mu riƙa tambayar mai shago: idan ya lalace ana gyara shi a nan Gombe? Ana samun kayan gyaransa? Abu uku masu ƙarko sun fi goma na ganin ido, waɗanda kafin shekara biyu sun koma ƙarƙashin gado.

Na uku, dattawan masu gyaran rediyo, agogo da keke suna ƙarewa, shagunansu suna komawa na cajin waya. Mu tura yaranmu su koya tun masu ilimin suna raye. Kuma duk mai tsohuwa ko tsoho a gida, ya zauna ya tambaye su: yaushe aka sayi wannan, da kuɗin me, daga ina? Za ku ji tarihin gidanku da ba ku taɓa ji ba.

Shi kuwa keken nan na kan baro, ban bar shi ya tafi ba. Na ƙara wa yaron riba a kan abin da ya biya, na kai shi wurin wani dattijo mai gyara a kasuwa. Ya wanke shi da kananzir, ya ɗiga mai, ya sa sabuwar allura da bel, muka nemo masa ƙafa. Yanzu yana hannun 'yar ƙanwata da ke koyon ɗinki. Ban san sunan tsohuwar da ta mallake shi ba, amma duk lokacin da na ji ƙararsa nakan yi mata addu'a.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa albarka a cikin abin da muka mallaka.

Naku,
Sakatare