Daga Washinton Zuwa Kara: Tarihin Takunkumin Kuɗi a Kan Ƙungiyoyin Ta'adda

Da yawa cikinku kan yi tambaya: me ya sa yanzu in za ka tura kuɗi mai kauri ta banki sai an nemi katin shaida, a tambaye ka wa zai karɓa, kuma kuɗin mene ne? Abin yana da tarihi, kuma babban reshensa daga Amurka ya taso.

A 1917, ana tsakiyar yaƙin duniya na farko, majalisar dokokin Amurka ta yi dokar hana ciniki da abokan gaba, ta ba shugaban ƙasa ikon riƙe dukiyarsu. Don yaƙi aka yi ta, amma a 1933 Shugaba Ruzbelt ya jingina da ita ya rufe bankunan ƙasar na 'yan kwanaki, alhali tattalin arziki ne ya karye. Da majalisa ta ga ikon yana neman ya wuce gona da iri, sai ta sa masa linzami. A 1976 ta ce duk dokar ta-ɓacin da shugaba ya kafa za ta faɗi bayan shekara guda in bai sabunta ta ba. A 1977 kuma ta yi wata doka da ta ba shi damar ƙulle dukiyar baƙi idan wata babbar barazana ta taso daga ƙetare.

Jimi Kata ne ya fara amfani da ita. A Nuwamban 1979, kwana goma bayan ɗalibai sun mamaye ofishin jakadancin Amurka a Tehran, ya ƙulle kadarorin Iran na kimanin dala biliyan 12. To, ka ji inda linzamin ya yi sako-sako: wannan dokar ta-ɓacin har yau ana sabunta ta duk shekara.

Da farko ƙasashe ake ɗora wa takunkumi. Bil Kilinton ne a Janairun 1995 ya juya shi kan ƙungiyoyi, waɗanda Amurka ta ce suna barazana ga sulhun Gabas ta Tsakiya. A 1998, bayan harin bam a ofisoshin jakadancinta na Nairobi da Darussalam, ya ƙara sunan Usama bin Ladan. Sai harin 11 ga Satumba, 2001. Ranar 23 ga watan Joj Bush ya sa hannu a umarni mai lamba 13224, ɗauke da sunaye 27 na mutane da ƙungiyoyi.

Ga yadda abin yake aiki. In sunanka ya shiga jerin, duk abin da ka mallaka a Amurka an ƙulle shi, ba Ba'amurken da zai saya ko ya sayar maka, kuma wanda ya taimaka maka shi ma ana iya sa shi. Ba sai an kai ka gaban alƙali ba tukuna. Kuma tunda cinikin dala yakan bi ta bankunan Amurka, banki a Yamai ko Kano ko Njamena ba zai yarda ya taɓa ka ba. A ƙarshen Satumban 2001 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya wajabta wa dukan ƙasashe toshe kuɗin ta'adda.

Cikin waɗanda suka ɗanɗana zafin abin a Afirka akwai talakan Somaliya. A wancan lokacin, tun 1991 ƙasar ba ta da tsayayyar gwamnatin tsakiya, ba banki na ƙwarai. A 2000 Saudiyya ta hana shigo da dabbobinsu saboda wata cutar zazzaɓi, makiyaya suka rasa babbar kasuwarsu. Abin da ya rage wa gidaje da yawa shi ne ɗan kuɗin da 'yan'uwa ke aikowa daga Turai da Amurka, kuma kamfanin Al-Barakat shi ne mafi girma a wannan aikin. Ranar 7 ga Nuwamba, 2001, Amurka ta sa shi a jerin, tana zarginsa da kai wa Alƙa'ida kuɗi. Ofisoshi suka rufe, ajiyar mutane ta maƙale. A 2004 masu binciken hukumar da ta duba harin Satumba suka ce ba a samu hujja ta kai tsaye da ta haɗa kamfanin da Alƙa'ida ba. Duk da haka sai a 2012 Majalisar Ɗinkin Duniya ta cire shi daga nata jerin. Shiga rana ɗaya, fita shekara goma da ɗoriya.

Mu nan abin ya iso mu ne ta Boko Haram. Amurka ta sa ta a jerin a Nuwamban 2013, tare da Ansaru, Majalisar Ɗinkin Duniya ta biyo baya a Mayun 2014. Sai dai ita ba a bankin Niyok take ajiya ba. Kuɗinta daga fashi ne, da kuɗin fansa, da shanun sata, da harajin da take ƙaƙaba wa masunta da manoma. Saboda haka gwamnatocinmu suka ɗauko nasu ikon. A Fabrairun 2015 Nijar ta kafa dokar ta-ɓaci a jihar Difa, aka hana babura, aka hana cinikin kifi da tattasai. A 2016 gwamnatin Borno ta dakatar da kasuwannin shanu huɗu, har da na Gamboru. An so a yanke wa mahara hanyar kuɗi, amma wuƙar ta haɗa da dillali, da ɗan kabu-kabu, da manomin bakin Komadugu. Tattasai sai a 2017 aka sake shi, kifi kuwa a 2019.

Kada kuma a ce takunkumi bai taɓa kama mai laifi ba. A 2022 Amurka ta sa 'yan Najeriya shida a jerin, bayan kotun Daular Larabawa ta same su da laifin tura wa Boko Haram dala 782,000 daga Dubai. Nan an bi sawun kuɗin har hannun masu shi, ba a rufe kasuwar kowa ba.

Don haka, Alhaji mai shanu, in za ka sayi sa ka san mai shi, ka sa dillali ya tsaya shaida, ka adana takardar kara. Kai kuma mai kai saƙon kuɗi tsallaken iyaka, kada ka ɗauki na wanda ba ka sani ba don kwaɗayin la'ada. Su kuma shugabannin ƙungiyoyinku, duk ranar da hukuma ta rufe kasuwa da sunan tsaro, haƙƙinsu ne su tambaya cikin ladabi: zuwa yaushe, wa zai sake duba matakin, kuma ina wanda aka cuta zai kai kuka? Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya albarkaci dukiya.