Ƙyastun Harsashi: Tarihin Ɗan Abin da Bai Kai Ƙwayar Wake Ba

 Yau za mu bi sawun wani ɗan ƙaramin abu ne da ya sha yanke hukunci tsakanin mai nasara da wanda aka ci da yaƙi.

Duk wanda ya juya gindin kwanson harsashi zai ga ɗan zagaye a tsakiya da tabon duka. Turawa na ce masa firaima, mu kuma za mu kira shi ƙyastu, domin aikinsa ke nan: idan aka ja kunama, tsinken bindiga ya sare shi, sai ya yi tartsatsi ya kunna albarushin da ke ciki. Bayan harbi dalma ta tafi, albarushi ya ƙone, ƙyastu ya mutu. Kwanson tagulla ne kaɗai ke saura, ga shi kuma ya fi sauran tsada, ana iya sake cika shi sau da dama kafin ya tsage. Amma kafin a cika shi dole a fitar da mataccen ƙyastu a sa sabo, kuma a nan gizo ke saƙar.

A 1800 wani masanin sinadarai ɗan Ingila, Edward Howard, ya gano wani haɗi na zaiba mai fashewa da an buge shi. A 1807 wani limamin coci ɗan Sikotilan, Alexander Forsyth, ya yi rajistar dabarar kunna bindiga da irin waɗannan sinadarai maimakon dutsen ƙyastu. Sai a 1866 mutum biyu suka fito da tsarin da duniya ke kai har yau. Na farko Hiram Berdan, hafsan da ya jagoranci gwanayen harbi a yaƙin basasar Amurka. Na biyu Kanar Edward Boxer na masana'antar makaman gwamnatin Birtaniya da ke Woolwich.

Bambancinsu kamar ba komai ba ne. Kowane ƙyastu na buƙatar 'yar maƙera da za a danne sinadarin a kanta. Berdan ya gina tasa a jikin kwanson, a tsakiya, wuta na wucewa ta ƙananan huda, galibi biyu, a gefe. Boxer ya sa tasa cikin ƙyastun kansa, ya bar huda ɗaya tal a tsakiyar kwanso. Saboda haka kwanson Boxer tsinke ɗaya ke ture tsohon ƙyastunsa daga ciki. Na Berdan kuwa babu hanya a tsakiya, sai an ɓanɓaro shi daga waje ko a tunkuɗo shi da ƙarfin ruwa, aikin da ke cin lokaci, wani sa'in ya lalata kwanson.

Abin mamaki, daga baya tsarin kowannensu ya fi karɓuwa ne a nahiyar ɗayan. Turai ta rungumi tsarin Ba'amurke Berdan don ya fi sauƙin ƙerawa da yawa, har harsashin .303 na sojan Birtaniya galibinsa Berdan ne, haka ma na Tarayyar Sobiyet daga baya. Amurka kuma ta ɗauki tsarin Baturen Ingila. Mafarauci ko makiyayin da ke yammacin ƙasar, mai tafiyar kwanaki kafin ya ga kanti, kwanson da zai iya sake cikawa yake so. A 1884 John Barlow ya kafa kamfanin Ideal, yana sayar da wani kayan aiki mai kama da awartaki wanda mutum zai sa a jaka. Rundunar sojan Amurka ma a shekarun 1880 ta riƙa raba wa barikoki kayan sake cika harsashi don atisayen harbi.

Sojan ne suka fara gano wata cuta. Zaibar da ke cikin ƙyastu tana shiga jikin tagulla bayan harbi ta sa ta yi gautsi, kwanso ya riƙa tsagewa a cikawa ta biyu. Sun daina amfani da ita wajen 1898. Abin da ya maye gurbinta ya zo da tasa matsalar, domin yakan bar wani gishiri a hancin bindiga mai jawo laima, tsatsa ta cinye ƙarfe cikin kwanaki. An daɗe ana zargin albarushi, sai a 1922 Wilbert Huff na hukumar ma'adinan Amurka ya nuna ƙyastu ne mai laifi. Kamfanoni sun fito da marar tsatsa a ƙarshen shekarun 1920, amma sojan Amurka ba su gama komawa gare shi ba sai farkon shekarun 1950.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kwanson soja ya cika kasuwar Amurka a araha, musamman na .30-06, ciki har da na masana'antar Lake City da ke jihar Mizuri wadda ta fara aiki a 1941. Sai dai soja sukan matse bakin ramin ƙyastu don kada ya fice a cikin bindiga mai sarrafa kanta ya sarƙe ta. Mai sake cikawa sai ya kawar da wannan matsi kafin sabo ya zauna. Irin waɗannan buƙatu ne suka raya kamfanoni kamar RCBS, wanda Fred Huntington ya kafa a 1943 a Kalifoniya. Harkar ta yi ƙarfin da a watan Maris na 2009, da ma'aikatar tsaron Amurka ta ce a riƙa niƙe kwanson soja kafin a sayar, kwanaki kaɗan ta janye bayan sanatocin Montana biyu, Max Baucus da Jon Tester, sun shiga maganar.

Wannan duk labarin ƙasar da ke da masana'antar ƙyastu a gida ne, inda sake cika harsashi tattali ne da sha'awa. Bari mu koma baya zuwa shekarun 1880, mu ga yadda abin ya kasance a nahiyarmu, inda ya zama batun rai da mutuwa.

Da bindigar toka, mayaƙi bai dogara da kowa sosai ba. Maƙeri zai gyara ta, ana haɗa albarushi a gida, ko guntun ƙarfe aka ɗura zai tashi. Bindiga mai cin harsashin kwanso ta fi ta nisa da sauri nesa ba kusa ba, amma ranar da harsashi ya ƙare ta zama sanda. Turawa sun san haka. A yarjejeniyar Brasels ta 1890 suka taƙaita shigo da bindigogin zamani da harsasansu a faɗin Afirka daga digiri 20 arewa zuwa digiri 22 kudu, suka bar ƙofa a buɗe ga tsoffin bindigogin toka.

Samori Ture, wanda ya yi shekaru yana fafatawa da Faransa a yankin Gini da Mali da Kwaddibuwa na yau, ya riƙa sayen makamai ta Firitawun. Da hanyar ta toshe a farkon shekarun 1890, ya ƙara dogara da maƙeransa. Sun gyara bindigogi, sun kwaikwayi na Faransa, mayaƙa kuma na tsince kwanso a fagen fama a mayar a sake cikawa. Da haka ya jure har aka kama shi a watan Satumba na 1898.

A Sudan ma haka. Ansar na Mahadi sun samu dubban bindigogin Remington daga sojan Masar, musamman bayan sun murƙushe rundunar Hicks a Shaikan a Nuwamba 1883. Zamanin Halifa Abdullahi an riƙa sake cika kwanso ana haɗa albarushi a Umdurman da Hartum, har aka sa wani fursuna Bajamushe, Charles Neufeld, aikin gishirin albarushi. Amma harsashin bai kai na masana'anta ba. Ranar 2 ga Satumba 1898 a Karari suka fuskanci sabbin bindigogi da Maxim, aka kashe musu mutum wajen dubu goma cikin 'yan sa'o'i.

Idan muka lura, hannun maƙeri ya isa ga kusan komai a harsashi. Zai narka dalma, zai miƙe kwanson da ya lotsa. Ƙyastu shi ne ya fi ƙarfin zuga-zugi, domin yana buƙatar sinadarai masu tsafta da awo na ƙwarai, kuskure kaɗan ko dai ya ƙi tashi a gaban abokin gaba ko ya tashi a hannun mai haɗa shi. Jarumta da basira ba su yi wa Samori da Ansar ƙaranci ba. Abin da ya rage musu shi ne ilimin sinadarai da masana'antar da ke bayansa, wanda kuma ya riƙe wannan shi ke da ikon cewa ga ranar da bindigarka za ta yi shiru.

Shi ya sa ƙasashe da dama, da samun 'yanci, suka fara da masana'antar harsashi, kamar yadda Najeriya ta kafa DICON a Kaduna a 1964. Muna kuma tunatar da 'yan uwa cewa dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta haramta ƙera harsashi ba da izinin hukuma ba, mu tarihi kawai muka kawo. Tambayar da za mu bari a tattauna a ƙasa ita ce: cikin injuna da na'urorin da muke taƙama da su yau, wane ɗan ƙaramin sashe ne har yanzu sai an kawo mana daga waje, kuma me zai faru ranar da aka rufe hanya?

Allah Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.