Daga tsamin nono zuwa zaren firinta: tarihin robar PLA

Wanda ya taɓa tsayawa kusa da firintar 3D tana aiki ya ga yadda take janyo siririn zaren roba daga naɗinsa, ta narkar da shi a bakinta mai zafi, ta dinga shimfiɗa shi hawa bisa hawa har siffar abin da ake so ta tashi. Kaurin zaren galibi milimita 1.75 ne, kuma a yawancin ƙananan firintocin makarantu da gidaje sunansa PLA. Idan ya narke yakan yi ƙamshi mai ɗan zaƙi, domin daga masara ko rake ake yin sa, ba daga man fetur ba. Abin da ya ja hankalina a tarihinsa shi ne aibin da ya sa masana suka ajiye shi tun farko, shi ne daga baya ya sama masa aiki har sau biyu.

A shekarar 1780 wani mai haɗa magunguna a Suwidin, Carl Wilhelm Scheele, ya ware sinadarin da ke sa madara tsami. Shi ake kira asid na latik, wanda bakteriya ke samarwa idan ta ci sukari. Mun san ɗanɗanonsa tun kafin mu san sunansa, domin shi ke ba nono da kamun koko tsaminsu. Ƙwayoyin wannan asid suna iya kama juna su yi doguwar sarƙa idan aka raba su da ruwa, kuma wannan sarƙar ce PLA.

Wanda ya fara yin ta da gaske shi ne Wallace Carothers na kamfanin DuPont a Amurka, a 1932. Sakamakon bai gamsar ba. Sarƙoƙin gajeru ne, robar ba ta da ƙarfi, zafi kaɗan ke sassauta ta, danshi kuma yana tsinka ta sannu a hankali. Kamfanin da ke neman zaren da za a saƙa tufafi, a wanke, a goge, ba abin da zai yi da ita. Carothers ya juya ga wani rukunin sinadarai, a 1935 ɗakin gwajinsa ya fito da nailan. DuPont ya yi rajistar hanyar tsawaita sarƙar PLA a 1954, amma matsalar danshi tana nan.

Likitocin tiyata ne suka fara ganin amfanin wannan rauni. Abin da danshi ke narkarwa ya koma asid ɗin da jiki ya saba da shi, ai shi ake nema don ɗinkin cikin jiki, inda ba za a sake farka mutum a cire zare ba. A 1974 kamfanin Ethicon ya fito da zaren ɗinki na Vicryl, wanda kashi 10 cikin 100 nasa daga asid na latik yake, daga baya kuma aka riƙa yin kusoshin riƙe ƙashi da PLA. Sai dai tsadarta ta tsare ta a ɗakin tiyata shekaru da yawa.

Kamfanin hatsi ne ya karya farashin. Cargill yana neman sabuwar kasuwa ga masarar Amurka, wani matashin masaninsa, Patrick Gruber, ya fara gwaji a murhun gidansa a ƙarshen shekarun 1980. Hanyar da suka daidaita a kai ita ce a mayar da sitacin masara sukari, a bar bakteriya ta tsamar da shi, a tace asid ɗin sosai, sannan a ƙulla sarƙar. A 1997 Cargill ya haɗa gwiwa da Dow, a 2002 suka buɗe masana'anta a garin Blair na jihar Nebraska mai iya yin tan 140,000 a shekara, wadda yau take hannun NatureWorks. Kofuna da mazuban abinci suke hange. Firinta ba ta cikin lissafinsu.

Ita firintar ta wata hanya ta biyo. A 1988 Scott Crump ya yi wa 'yarsa kwaɗon wasa da bindigar narka gam, ya ga cewa na'ura za ta iya yin wannan aiki da kanta. Shi da matarsa Lisa suka kafa Stratasys a 1989, suka nemi haƙƙin mallakar fasahar. Na'urorinsu na dubban daloli ne, kuma robar da suka fi dogara da ita ABS ce, wadda ake yin tubalan Lego da ita. ABS tana da ƙarfi da jurewar zafi, amma tana tsukewa idan ta huce, sai gefen abin da ake bugawa ya ɗage daga faranti ya lanƙwashe. Stratasys ya magance wannan da rufaffen akwati mai ɗumi, shi ma ya yi masa rajista.

A 2005 Adrian Bowyer na Jami'ar Bath a Ingila ya ƙaddamar da RepRap, shirin ƙera firinta mai arha wadda za ta iya buga sassan 'yar'uwarta, tsarinta kuma kyauta ga kowa. Masu wannan aiki ba su da akwati mai ɗumi, a kan teburin gida suke fama. Ɗaya daga cikinsu, Vik Olliver na Niyuzilan, ya gwada PLA, sai ga shi ta dace. Tana fita a zafin digiri 190 zuwa 220 na ma'aunin Selshiyas, ƙasa da na ABS, tsukewarta kaɗan ce, tana manne wa faranti ko ba a ɗumama shi ba, ba ta kuma cika ɗaki da warin ƙonanniyar roba. Rashin jure zafin da ya hana ta zama tufafi shi ya sa kowa ke iya sarrafa ta. Da haƙƙin mallakar Crump ya ƙare a 2009, ƙananan kamfanoni suka kwararo, har a 2012 MakerBot ya fitar da Replicator 2, wadda aka tsara ta don PLA kawai.

Raunin bai gushe ba. PLA tana fara laushi a wajajen digiri 60, alhali ABS sai ta haura 100. Ga wanda ke Bath wannan ƙaramar magana ce. A Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, inda zafin Afrilu kan wuce digiri 40 a inuwa, gaban motar da aka rufe a rana yana iya zarce 60, abin da aka buga aka bari a wurin a tarar ya karkace. Tana kuma da gautsi, takan karye maimakon ta tanƙwara. Don samfurin gini, kayan koyarwa ko gwajin siffar wani sashi kafin a ƙera shi da ƙarfe, da wuya a samu wadda ta fi ta sauƙi. Sashin da zai zauna kusa da inji ko a rana kuwa, wata robar ake nema. Ko a annobar 2020, da kamfanin Prusa na birnin Prag ya rarraba tsarin garkuwar fuska ga ma'aikatan lafiya, PETG ya ba da shawarar a yi amfani da ita.

Akwai kuma maganar ruɓewa, wadda a ganina masu talla sun fi ƙarfinta. Gaskiya ne PLA tana ruɓewa, amma sai a masana'antar takin da ke riƙe zafi kusan digiri 60 da danshi na tsawon makonni. A juji ko a kwata takan daɗe kamar sauran roba. Masu bincike a cibiyar Scripps ta Kaliforniya sun nutsar da yadudduka iri-iri a ruwan teku, suka wallafa sakamakon a 2023: masu asalin auduga da itace sun ruɓe cikin kusan wata guda, na PLA kuwa sun shekara sun ɗora ba su nuna alamar lalacewa ba.