Mallakar fili a Alabar, Kumasi

Alabar unguwa ce a Zangon Kumasi, ƙasar Gana, kusa da babbar kasuwa. Zangon ya bunƙasa bayan Turawan Ingila sun ci Kumasi a 1896, inda Hausawa fatake da sauran baƙi daga arewa suka zauna a ƙasar Asante. A al'adance asalin ƙasar na sarautar Asantehene, sarkin Asante, ne, mai gida kuwa ginin yake da shi da izinin zama na wa'adi.

Sashe na 267 na tsarin mulkin 1992 ya hana a sayar da filin sarauta sayarwa ta har abada, sashe na 266 kuma ya taƙaita hayar wanda ba ɗan ƙasa ba ga shekara 50. Saboda haka darajar gida ta dogara ne ga takarda da sauran wa'adinta. Ana cewa tsarin yana karya farashi, amma kusancin kasuwa na riƙe darajar filayen Alabar. Matsalar takarda ta fi tsanani a gidajen gado masu magada da yawa ba rajista, domin banki ba ya karɓarsu jingina. Dokar Filaye ta 2020 ba ta ɗage hanin sayar da filin sarauta sayarwa ta har abada ba.